Kiwon koren ruwa: Yadda masu haɗa allon lantarki a gida ke raya sinadarin da ke cin jan ƙarfe

Duk wanda ya taɓa kwance rediyo, ko tocila mai caji, ko na'urar inbata, ya ga wani ɗan allo kore ko ruwan ƙasa da aka jera wa ƙananan kayayyaki, a bayansa kuma ga wasu siraran layuka sun yi ta karkacewa kamar hanyar tururuwa. Masu gyara fanel suke kiransa. Layukan nan jan ƙarfe ne, su ne wayoyin da wuta ke bi daga wannan kaya zuwa wancan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba zana su ake yi a kan allon ba. Allon yakan zo ne da fuskarsa duka a lulluɓe da jan ƙarfe, sai a rufe wuraren da ake so su saura, a tsoma shi cikin wani ruwa mai cin ƙarfe, ruwan ya lashe duk inda aka bari a buɗe. Abin da ya tsira shi ne layukan.

Dabarar ta daɗe a duniya. Tun wajajen shekarar 1500 masu zane a ƙasar Jamus suke rufe farantin ƙarfe da kaki, su karce hoto a kai, su bar asid ya ci wuraren da aka karce. Wanda aka fi danganta wa shigo da ita harkar lantarki shi ne Paul Eisler, injiniya ɗan ƙasar Ostiriya da ya koma Ingila da zama a 1936, ya kuma nemi rajistar mallakar fasahar a 1943. A yau manyan masana'antu, musamman a birnin Shenzhen na ƙasar Sin, suna buga miliyoyin allunan, har sukan karɓi odar guda biyar kacal daga ɗalibi ɗaya ta intanet. Sai dai kuɗin aikowa da Dala ake lissafa shi, kuma tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023 lissafin ya ƙara nauyi. Ga kuma jira. Idan allon ya iso aka tarar an manta layi ɗaya a zane, sai a sake lale.

Shi ya sa har yanzu ɗaliban injiniyan lantarki a jami'o'i da kwalejojin fasaha, da masu haɗa inbata da na'urar cajin sola a shaguna, da waɗanda sha'awa ce kawai ta ja su, suke yin nasu allon da hannu. Su buga zanen da firinta mai garin tawada a kan takarda mai santsi, su kifa ta a kan allon, su danne da dutsen guga mai zafi har tawadar ta manne, sannan su jiƙa takardar su murje ta. Tawadar ita ce garkuwa. Saura ruwan ci.

Wanda aka fi sani shi ne ferik kulorayid, ruwan nan mai launin tsatsa. Yana aiki, amma kowane allo da ya ci yana rage masa ƙarfi, har ya zama laka mai duhu da ba ta cin komai. Yana ɓata tufa da siminti da tabon da ba ya fita, ba a ganin allon sosai a cikinsa, idan ya mutu kuma sai a sake sayen wani. Akwai ɗan'uwansa da bai kai shi suna a wurin masu koyo ba, ko da yake manyan masana'antu sun daɗe suna amfani da shi: kufrik kulorayid, wato gishirin jan ƙarfe da kulorin, wanda idan yana cikin ƙoshin lafiya kore ne shar. Wannan ruwa ba ya ƙarewa. Kiwonsa ake yi, kamar yadda mai rini a Ƙofar Mata yake kula da karofinsa: ya dubi launi, ya dubi kumfa, ya ƙara abin da ya ragu, ya motsa. Wanda ya iya kiwon, kwalba ɗaya za ta kai shi shekaru. Wanda bai iya ba, ko dai ya zubar da ruwa mai rai yana zaton ya mutu, ko ya cika ɗakinsa da hayaƙin da zai cinye masa kayan aiki.

Maciyi da abin ci

Sai an fahimci abin da ke gudana a cikin kwalbar kafin sauran bayanin ya zauna. Jan ƙarfen da ya narke a ruwan nan yana da hali biyu. Akwai mayunwaci, wanda ya rasa ƙwayoyin lantarki biyu, shi ne kufrik, shi ke ba ruwan korensa. Idan ya haɗu da jan ƙarfen da ke jikin allo sai ya fizgi ƙwayar lantarki ɗaya daga gare shi. Nan take su biyun su zama iri ɗaya, kowa da giɓin ƙwaya ɗaya, kuma na jikin allon ya saki ya bi ruwa. Wannan hali na biyu shi ake kira kufros, ƙosasshe ne, ba ya cin komai. Yayin da ƙosassun ke yawaita sai ruwan ya fara duhu, daga kore ya koma launin miyar kuka, daga nan ya yi baƙi-baƙi kamar shayin da aka manta a kan wuta, aikinsa kuma ya yi sanyi.

Maganin wannan duhu iska ce. Oksijin ɗin da ke cikin iskar da muke shaƙa yana karɓe ƙwayar lantarkin daga ƙosasshe ya mayar da shi mayunwaci, amma ba ya iya yin haka sai da asid ɗin haidirokulorik a kusa, wanda ke ba da kulorin ɗinsa, ragowar kuma ta zama ruwa zalla. Oksijin ɗin nan ne dai yake mayar da zanen da ya fito kore-kore daga karofi ya koma shuɗi a hannun marini. A nan sakamakon ya fi ban sha'awa: jan ƙarfen da aka ci jiya, yau shi ma ya zama maciyi. Saboda haka ruwan ƙaruwa yake yi. Abin da ke ƙarewa a cikinsa asid ne kaɗai, iska kuwa kyauta ce.

Lissafin bai da wuya. Allon da aka saba sayarwa kaurin jan ƙarfensa maikiron 35 ne, wato kashi 35 cikin 1,000 na milimita ɗaya. Fuska ɗaya ta allo mai santimita 10 tsawo da 10 faɗi tana ɗauke da giram 3 da ɗoriya. Kowane giram ɗaya da aka ci yana shanye kusan mililita 3 na asid mai ƙarfin kashi 31 zuwa 33 cikin 100. Ke nan ko da an cinye fuskar allon gaba ɗaya, asid ɗin da ya tafi bai wuce mililita 10 ba, cokali biyu na shayi. Mai dabara ma tun a wurin zane yakan bar filayen jan ƙarfe a duk inda babu layi, ya haɗa su da layin ƙasa, don ya rage wa ruwan aiki.

Kafa uwar ruwa

Yawanci da abu biyu ake farawa: haidirojin ɗin wanke ciwo da ake samu a kemis, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, da asid ɗin haidirokulorik. Awo biyu na haidirojin, awo ɗaya na asid. Haidirojin ake fara zubawa a mazubi, sannan a tsiyaya asid a kansa sannu a hankali, a waje, mutum yana tsaye ta inda iska ke kaɗawa daga bayansa. Ba a juya wannan tsari. Asid ake kai wa ruwa, ba a kai wa asid ruwa.

A nan ya kamata a tsaya a kan wata kalma da ke iya jefa mutum cikin asara. Idan Bahaushe ya ji asid, ruwan batir ke zuwa masa a rai, to ruwan batir asid ɗin salfiyurik ne, ba shi da kulorin, ba zai ba da koren ruwan da ake nema ba. Wanda ake buƙata shi ne wanda masu sayar da sinadarai ke sayar wa masu wanke tayil da masu kula da tafkin ninƙaya. Shi ma a kasuwa yakan zo a tsarme, a cikin jarkar da babu rubutu. Gwajinsa yana hannun mai cajin batir: ma'aunin kaurin ruwa, ɗan bututun gilashin nan mai kan roba da ake zuƙo ruwan batir da shi. Asid mai ƙarfin kashi 31 zuwa 33 yakan nuna kimanin 1.16. Idan ya nuna ƙasa da haka sosai, an sayar wa mutum da ruwa ne a farashin asid. Ruwan wanke banɗaki na kanti kuwa, ko da akwai asid ɗin a ciki, an haɗa shi da sabulu da turare da abin sa kauri, ba ya cikin lissafi.

Haɗin farko fari ne ƙal, kuma yana ci da sauri, amma haidirojin ne ke aikin, shi kuwa ba ya daɗewa. Da zarar jan ƙarfe ya shiga ruwan sai ya riƙa rushewa yana fita a matsayin kumfa. Kwana ɗaya ko biyu sai a tarar ruwan ya yi la'asar. A daidai nan ne masu koyo da yawa ke tuntsurar da shi a kwata su sake haɗa sabo, alhali lokacin ne uwar ruwa ta fara samuwa. Iyakar abin da haidirojin ɗin farko zai iya narkarwa kimanin giram 37 ne a lita, ruwan kuwa ba ya kai ƙarfinsa sai jan ƙarfen cikinsa ya kai giram 120 zuwa sama. Tazarar nan ciyarwa ke cike ta: a jefa guntayen wayar jan ƙarfe da aka feƙe, a bar su su narke, ruwan ya yi duhu, a ba shi iska ya koma kore, a ƙara asid kaɗan, a sake jefa wasu. Aikin makonni ne, mai gaggawa ba zai ji daɗinsa ba.

A kula da wayar da za a jefa. Wayar kwayil ta fanka ko tiransifoma tana da rufin fenti mai sheƙi da ruwan ba ya ratsawa. Wadda ta fi haɗari ita ce wayar nan mai araha da ta cika kasuwa, wadda cikinta alminiyom ne aka yi mata shafen jan ƙarfe a sama. Alminiyom da wannan ruwa ba sa ga maciji: yakan tafasa, ya yi zafi, ya fitar da iskar gas mai kama wuta, ya kuma fizgo jan ƙarfen da aka sha wahalar narkarwa ya zubar da shi ƙasa. A kankare wayar da wuƙa tukuna. Idan cikinta fari ne, a ajiye ta gefe.

Iska tukuna

Hanya mafi sauƙi ta ba ruwan iska ita ce ɗan famfon da masu kiwon kifin ado ke sa wa a akwatin gilashi. Wutar da yake ci kaɗan ce, akwai ma masu aiki da fawa-bank. A jona masa siririn tiyo na roba, a huda ƙarshensa da allura wuri-wuri, a nutsa shi har ƙasan kwalbar. Ruwan da ya ci allo ɗaya ko biyu yakan koma kore cikin 'yan sa'o'i, wanda ya yi baƙi ƙirin kuma yana iya ɗaukar kwana ɗaya ko fiye. Wanda ba shi da famfo sai ya bar kwalbar rabi, ya rufe, ya girgiza, ya buɗe sabuwar iska ta shiga, ya maimaita safe da yamma.

Akwai wani tarko da littattafan ƙasashen da wuta ba ta yankewa ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne na farko. Idan aka ajiye famfon a ƙasa, kwalbar tana kan tebur, da zarar an ɗauke wuta ruwan yana iya biyo tiyon ya gangaro, ya cika famfon, ya malale a daɓe. Mutum ya dawo ya tarar da famfo ya lalace, ɗaki yana warin asid. Famfo a sama da bakin ruwa ake rataye shi, kullum. Sa'annan kumfar da ke fita tana tafe da tururin asid, don haka a waje ake wannan aiki, ko a bakin taga da tiyo na biyu mai fitar da tururin, kuma a kashe famfon da zarar kore ya dawo.

Ga mai sauri, haidirojin yana yin cikin daƙiƙoƙi abin da iska ke yi cikin sa'o'i. A zuba mililita 5 ko 10, a motsa, a dubi launi, a dakata da zarar ya yi kore. Idan aka zarce, rarar tana iya sakin iskar kulorin, mai shaƙe maƙogwaro da ƙona huhu. Amma illarsa ta yau da kullum a ɓoye take. Haidirojin na kemis kashi 97 cikin 100 ruwa ne. Giram ɗaya na jan ƙarfe yana buƙatar kimanin mililita 18 nasa, ga mililita 3 na asid, ke nan wanda ya dogara da shi kaɗai ruwansa zai dawwama a ƙasa da giram 50 a lita, kullum tsararo, kullum yana neman ƙari. A ganina haidirojin na ranar ƙure ne, ranar da malami ke jiran aiki da safe. Mai ƙarfin kashi 30 zuwa sama da ake samu wurin masu sinadarai yana magance matsalar tsarmawa, amma yana ƙona fata nan take, kuma kuskuren ɗigo kaɗan ya isa ya sa kwalba ta yi amai. Ba kayan mai koyo ba ne.

Karanta ruwan

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a mayar da asid maganin kowace cuta: ruwa ya yi sanyi, a ƙara asid; ya yi duhu, a ƙara asid. Alhali abu uku ne ke iya samun matsala, kuma akwai tsarin bin su. Iska ake fara dubawa. A ɗiga ɗigo biyu ko uku na ruwan a cikin ɗan kofin roba mai ruwa mai tsabta. Idan wani farin gajimare ya tashi kamar an ɗiga madara, ƙosasshen jan ƙarfe ne, domin shi ba ya zama a narke sai cikin ruwa mai yawan kulorin. Maganinsa iska. Idan ruwan kofin ya yi shuɗi-shuɗi garau, wannan ɓangare lafiya lau.

Sai asid. Alamomin ƙarancinsa su ne a yi ta ba ruwan iska amma duhun ya ƙi washewa, ko ya yi gurɓi-gurɓi da wata laka mai launin kore fari-fari, ko a ga wani farin danƙo ya kwanta a kan jan ƙarfen allon ya hana ci. Alamomin yawansa kuwa hanci ke fara sanar da su. Ruwan yakan karkata zuwa rawaya, yana hayaƙi, yana ci da sauri amma yana shiga ƙarƙashin tawada ta gefe, sai siraran layuka su fito a tsinke ko sun rame.

Wanda yake son tabbas zai iya aunawa da sirinji biyu da sodar da masu yin sabulu ke amfani da ita. A narka giram 4 na sodar a ruwa har ya cika mililita 100. A ɗebi mililita 1 na koren ruwan, bayan an ba shi iska sosai, a zuba a kofi mai ɗan ruwa kamar cokali huɗu. A riƙa ɗiga ruwan sodar daga ɗaya sirinjin ana kaɗa kofin. Kowane ɗigo zai tayar da ɗan gajimare ya ɓace, har a kai ɗigon da gajimarensa ya ƙi ɓacewa. A nan ake tsayawa a duba sirinji. Idan sodar da ta tafi tana tsakanin mililita 1 da 2, asid ya yi daidai da aikin gida. Idan ba ta kai 1 ba, a ƙara. Kimanin mililita 100 na asid mai ƙarfi a kowace lita yana ɗaga awon da kusan maki ɗaya. Idan ta haura 3, a ciyar da ruwan da waya a ba shi iska, rarar za ta shanye da kanta. Sodar tana jan laimar iska, saboda haka awon ba na ɗakin bincike ba ne, amma ya fi ƙiyasin ido nesa ba kusa ba.

Na uku kauri, kuma ma'aunin mai cajin batir ne zai sake aiki, domin lambobinsa daga 1.10 zuwa 1.30 suke, ruwan nan kuma ya fi jin daɗi tsakanin 1.20 da 1.30. Idan ya gaza, yunwar jan ƙarfe yake ji. Idan ya cika ma'aunin, a rage wani kaso a ƙara ruwa mai tsabta. A ware masa ma'auninsa daban, kada a mayar da shi cikin batir.

Yanayinmu yana da hannu a wannan. Masu yin aikin a Turai sukan ɗumama ruwan zuwa digiri 30 ko 40 don ya yi sauri, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu ɗaki da kansa ya kai haka. Riba ce, amma da kuɗinta: zafi yana korar asid da ruwa, kauri ya hau ba tare da an ci allo ko ɗaya ba. Busasshiyar iskar hunturu ma tana shanye ruwan da aka bari a buɗe, ga ƙura, ga sanyin asuba da ke rage masa kuzari. Idan ana son ɗumi, a sa mazubin cikin roba mai ruwan ɗumi. Ba a ɗora shi a wuta, ba a barinsa a rana, kuma da ya haura digiri 50 hayaƙin ya fi ƙarfin tsakar gida. Ruwa mai lafiya da ake ɗan karkaɗa mazubinsa yakan gama allo tsakanin minti biyar zuwa ashirin.

Ma'ajiya da maƙwabtanta

Gilashi yana riƙe shi, haka robar da aka buga wa lamba 2 ko 5 a cikin ɗan alwatika a gindinta. Murfin ma na roba ne, domin na ƙarfe ba ya kai wata. Gorar ruwan sha mai lamba 1 ba ta dace da dogon ajiya ba, kuma akwai dalilin da ya fi wannan girma. Ruwan nan kore ne mai kyan gani, a cikin gorar lemo kuwa ba shi da maraba da abin sha a idon yaro. Likitocin yara a ƙasar nan sun san irin ɓarnar da kananzir da sodar sabulu da aka ajiye a kwalaben lemo suke yi. A rubuta sunansa ɓaro-ɓaro, a sa alamar haɗari, a kulle. Bayan an zuba haidirojin kuma kada a ɗaure murfin tamau sai an kwana, domin iskar da ke fita tana iya kumbura jarka har ta fashe.

Tururin asid ba ya bukatar a gan shi kafin ya yi aiki. Kwalba ɗaya mai sakakken murfi ta isa ta sa filaya da sukundireba da bakin injin huda su yi ja da tsatsa cikin 'yan makonni, ta taɓa kwamfuta da inbata, har kwanon rufi. Dabarar ita ce a sa kwalbar cikin wani bokitin roba mai murfi, a ajiye ɗan ƙunshin kanwa a gefenta ya riƙa shanye tururin, a kai bokitin nesa da kayan aiki. Bilic ɗin wanki irin su Hypo da Jik kada ya kusanci wurin ko da wasa, haɗuwarsa da asid kulorin ce tsagwaronta. Tabarau mai rufe gefen ido, safar hannu ta roba, da bokitin ruwa a kusa, kafin a buɗe murfi ake tanadarsu. Idan ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15, sannan a nufi asibiti.

Rarar da ke taruwa

Tunda ruwan ƙaruwa yake, wata rana dole a rage. Kowane giram na jan ƙarfe, idan aka haɗa da asid da ruwan da za su daidaita shi, yana ƙara kusan mililita 8. Wanda ya yi alluna 50 masu girman da aka ambata, yana cinye rabin fuskar kowanne, zai tashi da rarar da ta haura rabin lita. Nan ne ainihin nauyin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar jan ƙarfe a ruwan sha a miligiram 2 cikin lita. Lita ɗaya ta wannan ruwa mai giram 140 sai an tsarma ta da lita 70,000 kafin ta sauko wannan iyaka. Jan ƙarfe kuma ba ya ruɓewa, inda aka zuba shi nan yake zama ko ya bi ruwa.

Kwatarmu kuwa ba ta zuwa wata matatar ruwa. A Kano, alal misali, kwatocin cikin birni da Sabon Gari rafin Jakara suke faɗawa, kuma da ruwansa masu lambu ke ban-ruwa a gaba. Kifi da sauran halittun ruwa kaɗan ke kashe su. Cikin dabbobin gida tunkiya ce ta fi rauni a kansa: yakan taru a hantarta shiru, tana kiwo kamar lafiya, sai rana ɗaya ta yi shawara, fitsarinta ya yi duhu, ta faɗi. Unguwannin da tumaki ke shan ruwan kwata ba sai an lissafa su ba. Zuba shi a shadda ma bai raba gardama ba, yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta, ga rijiya a tsakar gida. Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ita ke da alhakin tabbatar da bin dokokin muhalli, amma babu jami'in da zai leƙa ɗakin ɗalibi don rabin lita. Abin yana wuyan mai kwalba.

Mafita mafi kyau ita ce a bayar. Rarar wani uwar ruwan wani ce, ta kuma hutar da shi makonnin ciyarwa. Sashe guda a kwaleji zai iya rayuwa a kan jarka ɗaya da ake gadar wa 'yan baya tare da littafin awonta. Idan babu mai karɓa, sai a raba jan ƙarfen da ruwan. A zuba rarar a babban bokitin roba a waje, a ninka ta da ruwa sau uku ko huɗu, a jefa tsofaffin ƙusoshi ko guntayen baƙin ƙarfe, a bar bokitin a buɗe nesa da wuta da yara. Baƙin ƙarfen zai narke, jan ƙarfen ya sauka ƙasa a matsayin jan gari. Bayan kwanaki, idan sabuwar ƙusa mai haske ta kwana a ciki ba ta yi ja ba, an gama. A tace garin. Ruwan da ya saura a riƙa barbaɗa masa kanwa ko bekin soda kaɗan-kaɗan, zai yi ta kumfa, har kumfar ta daina tashi. A bar laka ta kwanta, a tsiyaye ruwan saman, lakar kuma a shanya ta a kwaɓa da siminti ta daskare.

Ruwan ɗauraye allo ma yana cikin lissafin. Wankin farko, wanda ke fitowa shuɗi-shuɗi, a tara shi a gora daban. Shi za a riƙa zuba wa uwar ruwa duk lokacin da zafin bazara ya sa kaurinta ya hau. Jan garin da aka tace kuwa jan ƙarfe ne sosai. A wanke shi a ajiye a kwalba, ranar da ma'auni ya nuna ƙasa da 1.20 shi za a fara jefawa kafin a nemi waya.